Madugun Hillar Audi

Idan ana lissafa manyan matafiya na zamaninmu, rashin adalci ne a tsallake sunan Madugu Abdussalami na Hillar Audi. Mutum ne da ya shekara talatin da huɗu a kan hanyar Makka, bai taɓa gajiya ba, bai taɓa ɓatan hanya ba, dunduniyarsa ko faso ba ta yi ba. Sirrin wannan juriya tasa kuwa ba wani boyayye ba ne. Tun ranar da motar auduga ta sauke shi a yammacin kogin Nilu, kudu kaɗan da Sinja, yana saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, bai ƙara taku ɗaya zuwa gabas ba.

Hillar Audi ƙauyen Hausawa ne. Yawancinsu jikokin waɗanda suka baro Sakkwato ne tun zuwan Turawa. Sun binne kakanninsu a nan, suna noman riɗi da dawa, suna Hausa a gida, Larabci a kasuwa. Shi Abdussalami daga baya ya zo, daga ƙasar Gobir, da niyyar hajji ta ƙasa. Ya ce damina ɗaya zai yi ya haɗa guzuri. Wani dattijo ya ba shi masauki, da aka ga daminar ta ƙi ƙarewa sai ya ƙara masa da 'yarsa Maijidda.

Sarautar Madugu ba wanda ya naɗa masa, don ko jaki ɗaya bai taɓa jagoranta ba. Shi ne ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa ƙauyen nan gaba ɗaya ayari ne da ya manta tafiya yake yi, ayari kuwa ba ya zama ba shugaba. Da ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya cancanta ba, sai ya yi haƙuri ya karɓi nauyin. A gabansa ana ce masa Madugu. A bayansa kuwa Sai-gobe ake ce masa, har yara ma sun ɗauka sunan yanka ne.

Alamar mulkinsa akwati ne na ƙarfe, kore, da ke zaune a bakin ƙofar ɗakinsa a shirye. A ciki akwai harami biyu, da buta, da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, da wani gwangwanin shayi da ya rufe takardar tafiyarsa a ciki tun ranar da ya sauka. Kowace Juma'a yakan goge akwatin da tsumma. Gwangwanin dai ba ya buɗewa, wai iska na cin tawada.

Amma babbar ranarsa ita ce Babbar Sallah. Da liman ya sallame idi, lokacin da alhazai ke can suna jifa, sai Madugu ya miƙe ya gyara rawani, ya jira a yi shiru.

"Jama'a, ku shaida," zai ce. "Ni Abdussalami ba mazaunin ƙasag ga ba na. Baƙo nike, kan hanya nike. Ban zo zama ba, ba ni da niyyar zama, ba ni da komi nan sai akwatina. In Allah ya so, baɗi war haka ina Arfa."

"Mun shaida, Madugu," dattawa za su amsa, sannan kowa ya tafi yanka ragonsa. Abin ya zama kamar wani ɓangare na sallar, har in bai yi ba sai a ji idin bai cika ba.

Sana'arsa ba da shawara. Kullum da hantsi yana kan benci a rumfar mai shayi, kuma duk baƙon da ya sauka daga yamma a gabansa ake fara ajiye shi. Wata shekara aka kawo masa wani magini mai suna Gado, da mata da 'ya'ya uku. Bawan Allah tambaya uku kawai ya zo da ita: inda ake yin ikama, wato takardar izinin zama, da yadda zai sa yaransa makaranta, da wanda ake gani a kan fili. Madugu ya kurɓi shayi, ya dube shi da tausayi.

"Ya zol, bawan Allah, ka san mi kake tambaya? Wanda yas sa hannu ga takardar zama ya yi sallama da Makka ke nan. Yau ikama, gobe fili, jibi ka ga kana shuka itace. Ni da ka gani, hukuma ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba, kuma ba mu taɓa faɗa ba. Ka aje kayanka bakin ƙofa kamar ni, ka huta."

Gado ya yi godiya, ya ce shawara ta yi. Da yamma ya aiki matarsa wurin Maijidda ta ƙofar baya. Ita ta faɗa mata motar da ake hawa, da ƙofar da ake shiga a Sinja, da yawan hotunan da ake kaiwa, da ranar da layi ba ya tsawo. Kafin shekara biyar Gado ya gina ɗaki biyu na jan bulo, yaransa na karatu. Duk lokacin da Madugu ya wuce ta ƙofar gidan sai ya girgiza kai ya ce an yi hasarar matafiyi.

A gida ma bai yi sake ba. Da aka zo rabon gonaki a bakin injin ban ruwa, ya hana a rubuta sunansa, wai matafiyi ba ya riƙe ƙasa, guzuri ake ba shi. Guzurin nan kuwa daga ƙuli-ƙulin Maijidda yake fitowa, safe da rana da dare, shekara da shekaru. Rufin ɗakinsu na ciyawa ne. Kowace damina Maijidda na jera kwanoni a ƙasa tana tarar ruwa, kowace damina tana roƙon a sa kwanon rufi, shi kuma yana amsa mata da cewa ba a yi wa zango ado. Sau biyu ta shuka lemun tsami a tsakar gida, sau biyu ya tuge. Na uku ta shuka shi bayan madafa ta ce shi ya fito da kansa. Madugu ya kira maƙwabta ya shaida musu ba itacensa ba ne, sannan ya ci gaba da matsa 'ya'yansa a cikin miya.

Akwai abin da Maijidda ba ta yafe ba, kuma ba ta ɓoye ba. 'Yarsu Hanan ita ce ta ɗaya a ajinsu, amma da lokacin babbar jarrabawa ya zo aka nemi takardar uba, uban kuwa ya ce 'yar matafiyi a Makka za ta yi karatu. Hanan ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta haɗa littattafanta ta ba 'yar Gado. A makon ne Maijidda ta ɗauki ƙanenta Attahiru suka tafi Sinja, ya tsaya mata shaida, ta karɓi jinsiyyarta, takardar zama 'yar ƙasa, tunda ita a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Da Madugu ya ji, sai ya kai labarin rumfar shayi ya yi ta dariya, yana cewa mata ƙaramin buri gare su, an ba ta Makka ta zaɓi Sinja.

Haka aka yi ta tafiya a zaune har shekarar da riɗi ya yi albarka. Attahiru, wanda ya zama babban ɗan kasuwar riɗi a Sinja, ya zo gidan da albishir. Ya yi niyyar hajji bana, ya kuma biya kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta gidan yayarsa. Bisa ladabi maigida aka fara yi wa tayi. Sharaɗi ɗaya ne, a kai fasfo kafin mako uku, in ba haka ba kujerar ta wuce.

Madugu bai yi mamaki ba. Ya daɗe da sanin cewa Makka ba za ta iya haƙuri da rashinsa har abada ba. A cikin zuciyarsa dai ya ji wani ɗan sanyi ya ratsa, don bai taɓa ganin teku ba balle jirgin sama a kusa, amma ya danne. Kwana uku ya yi yana bin gida gida yana sallama. Ya yafe wa waɗanda ba su yi masa laifi ba. Ya ba mai shayi wasiyyar bencinsa. Ya yi wa samari lacca a kan yadda ake ɗawafi, da inda ruwan Zamzam ya fi sanyi, da unguwar da za su same shi in Allah ya sa sun waye sun biyo baya. Tun daga ranar ya daina amsa sallamar wanda bai haɗa da Alhaji ba.

A rana ta huɗu ya buɗe akwati ya ɗauko gwangwani, ya shiga gaban motar Attahiru suka nufi ofishin takardu. Sinja a arewa take, saboda haka tarihinsa na rashin matsawa gabas bai ɓaci ba.

Jami'in da suka tarar mutum ne mai sanyin hali, da gilashi a kan hanci. Ya ce masa, "Zauna, ya Hajj," kamar yadda ake ce wa kowane dattijo a ƙasar. Madugu ya waiwayi Attahiru don ya tabbata ya ji cewa har hukuma ta san matsayinsa. Sai jami'in ya miƙo hannu ya nemi jinsiyya. Madugu ya yi murmushin manya.

"Janabu, ranka shi daɗe, wannan takarda ta masu zama ta. Ni matafiyi na. Shekara talatin da huɗu ina ƙasarku, ban roƙe ku komi ba, ko sunana ban ba ku ba. Ga takardata ta asali, da hatimi, da sa hannun Bature."

Ya ɗora gwangwanin a kan tebur kamar mai ajiye zinariya. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da aka sa wuƙa. Ashe laimar daminar da ya hana a yi wa rufi ta bi ƙasan akwati ta cinye gindin gwangwanin, gara ta samu ƙofa. Abin da ya zubo a kan teburin hukuma jar ƙasa ce, da tsatsar allurar da aka maƙale takardar da ita, da wani ɗan guntun takarda kamar farce mai ɗauke da rabin hatimi. Jami'in ya hure ƙasar daga kan takardunsa a hankali, ya ce ma'alesh, wato sai haƙuri.

Ya yi masa bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Hanya biyu ce. Ko ya tafi Hartum, babban birni, ofishin jakadancin ƙasarsu ya tabbatar musu shi nasu ne, wanda zai buƙaci wani a can Gobir da zai tuna da shi. Madugu ya lissafa waɗanda suka san shi a can, ya ga duk wanda ya tuna sai ya ce Allah ya jiƙansa. Ko kuma ya kawo dattawa biyu na ƙauyensu su rantse cewa ya daɗe a nan kuma zama ya zo yi. In aka yi haka, jami'in ya ce, shi zai buɗe masa fayil ya yi iya ƙoƙarinsa, ko Allah zai sa a cim ma lokaci.

A hanyar komawa Madugu ya farfaɗo. Shaidu kawai? Mutumin da ƙauye guda ke amsa masa? Ya ce ba zai ɗauki kowane tarkace ba, sai waɗanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsu ba, don hukuma ta san da wa take magana. Ya zaɓi Almu ladan, da Mati tsohon masunci. Washegari a cikin mota ya ɗan yi musu hannunka mai sanda, ya ce in an tambaya su ce zama ne, magana ce ta takarda kawai, Allah ya san zuciya. Almu ya ci gaba da jan carbi. Mati yana kallon gonakin riɗi ta taga.

Jami'in ya ɗauko Alƙur'ani ya ajiye a gabansu. Ya tambayi Almu ko ya san mutumin nan, ya ce farin sani. Ya tambaye shi ko zai rantse cewa zama ya zo yi a ƙasar. Almu ya dubi Littafin, ya dubi Madugu, ya ja hannunsa ya mayar cikin riga.

"Janabu, mutumen kirki na, wallahi. Amma kowace Babbar Sallah, bayan idi, gaban liman, shina sa mu shaida ba zama ya zo ba, kuma ba shi da niyya. Sau talatin da huɗu muna cewa mun shaida. Yau in na ce wani abu daban, wace shaidar zan kai gaban Allah?"

Madugu ya taka ƙafar Mati a ƙarƙashin tebur. Mati ya ɗauka ana so ya yi magana ne, sai ya gyara murya don ya taimaka.

"Gaskiya ta. Gona ba shi da ita, da bakinshi ya ƙi. Gida na surukinshi na. Ko lemun da ke bayan madafa ya kira mu ya ce ba nashi ba na. Akwati dai nashi na, wannan in rantse."

Jami'in ya rufe fayil ɗin da bai riga ya buɗe ba. Ya ce babu laifi, in ya Hajj ya canza ra'ayi ya dawo ya yi ikama, a fara ƙirga masa shekaru daga ranar. Ya miƙa masa gwangwaninsa da hannu biyu. "Tunda kan hanya kake," ya ce, "Allah ya kai lafiya."

Kunya ta kama Madugu irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Haka suka koma gida. Attahiru kuwa ɗan kasuwa ne, ba ya barin abin da ya biya ya lalace. A tsakar gida ya tsaya ya tambaya ko akwai mai takarda a gidan. Maijidda ta tsame hannunta daga ƙullun ƙuli-ƙuli, ta goge a zane, ta shiga ɗaki. Ta fito da jinsiyyarta a naɗe cikin leda uku, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Cikin kwana tara fasfonta ya fito.

Babban mutum ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Kafin ranar tafiya Madugu ya koma bencinsa ya bayyana wa rumfa ainihin abin da ya faru.

"Ku ba ku san tsarin ayari ba. Madugu ba ya fara shiga gari. Sai ya aiki wani ya dubo hanya, ya ga ruwa, ya ga masauki. Ni na aike ta. In ta dawo da rahoto na ga ya yi, sai in tashi."

Mai shayi ya ce lalle haka ne, ya ƙara masa sukari.

Saura kwana ɗaya Maijidda ta ce ba ta da abin zuba kaya. Ba ta jira amsa ba. Ta jawo koren akwatin, ta juye haramin da ya koma ruwan ƙasa da buta da sabon takalmin a kan gado, ta wanke shi da toka, ta jera zannuwanta. Madugu na tsaye yana kallo. Da motar Attahiru ta tsaya a ƙofa da safe, ƙauyen duka ya fito. Maijidda ta durƙusa ta nemi gafarar mijinta kamar yadda ya dace, ya yafe mata. Da ta miƙe sai ta ƙara da saƙo.

"Malam, Gado zai zo ya sa kwano kafin in dawo, Attahiru ya riga ya biya shi, kar ka hana. Lemun kuma a ba shi ruwa safe da yamma. Na san ba naka ba na, amma kai ke gida."

A Babbar Sallar nan, da liman ya sallame, mutane suka ɗan jira don sabo. Madugu ya tsura wa tabarma ido har aka watse.

Bayan kwana arba'in Hajiya Maijidda ta dawo da haƙorin Makka da dabino da jarkar Zamzam. Gidan ya cika, sabon kwano na ƙyalli a sama. Madugu ya shimfiɗa buzu a ƙofa ya sha rawani don ya karɓi gaisuwa a madadin ayari. Mutane suka yi ta zuwa, suna ce masa sannu mijin Hajiya, suna tambaya ko tana ciki, suna raɓa shi su wuce. Akwatin an mayar da shi wurin zamansa na dā a bakin ƙofa, sai dai yanzu ya lotsa a gefe, an manna masa takardun jirgi, an rubuta sunan Maijidda a jikinsa da farin fenti.

Almu ladan ya zo a ƙarshe yana dogara sanda. Ya tsaya a gaban akwatin, ya shafa murfin da tafin hannu, ya shafa a fuskarsa don neman albarka.

"Ma sha Allah," ya ce. "Kaya dai sun kai, Madugu. Saura kai."

Kafin Madugu ya haɗa amsar da ta dace da girmansa, muryar Hajiya ta fito daga cikin ɗaki, a tsakiyar hayaniyar mata, tana tambaya ko an ba lemun ruwan yamma. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya ɗauki bokiti ya nufi kogi. Taku ɗari biyu ne daga ƙofarsa zuwa bakin ruwa, kuma a yi masa adalci, dukansu gabas suke.